Kwana Ɗaya Tsakanina da Littafin Zaɓe

Lahadi, 1 ga Maris, 1959
Ga wani kacici-kacici, a cinka, ko da yake ba mai leƙa littafin nan sai ni da ɓeraye. Abu nawa, ban saya ba. Ba na ba shi abinci, kullum ƙiba yake. Na ɓoye shi ga miji biyu, yau gwamnatin jihar Luwiziyana ta Amurka ta ce in fito da shi.

Bayan sujada Fasto ya tambaya wa a cikinmu baƙaƙen fata zai je kotu ya sa sunansa a littafin masu zaɓe. Maza suka duƙufa kallon takalmansu kamar yau suka saye su. Na ɗaga hannu. 'Yata Verlene ta mintsine ni: "Mama, sauke hannun nan! Aikinki fa?" Na ce miƙa nake yi, hannun ne ya zarce.

Tsoron me? Mai rajistar ai Lamar Pruitt ne, ɗan Mis Adelle da nake yi wa girki shekara arba'in. A hannuna ya girma. Ranar da ya cika sha uku uwarsa ta ce in fara kiransa Mista, alhali ban daɗe da daina shanya katifarsa ba.

Laraba, 4 ga Maris
Ashe takardar tana son shekarun mutum daidai: shekara nawa, wata nawa, kwana nawa. Ka kuskure kwana ɗaya, ka faɗi. Verlene ta yi dariya har da hawaye. "Mama, ke da kike hamsin tun kafin yaƙi!" Na ɗauko Littafi Mai Tsarki na uwata. Ga ranar haihuwata da fensir: 20 ga Nuwamba. Shekarar kuwa na rufe da babban yatsa. Aji huɗu na yi, amma ƙirga kwana bai fi ƙirga ƙwai wuya ba.

Talata, 10 ga Maris
Na je da hulata ta coci. Lamar ya ɗago, fuskarsa ta yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa. "Anti Zella, me kike yi a nan? Mama ta san kin fito?" Na ce na bar mata miya a wuta, ba za ta mutu ba.

Na rubuta kwana sha takwas. Ya duba, ya duba. Wai sha tara ne, ban ƙirga yau ba. In dawo wani watan.

Yaron kirki ne. Matsa masa ake yi daga sama, na sani.

Laraba, 11 ga Maris
Mis Adelle ta shigo madafi tana juya cokali a kofin da ba komai ciki. "Zella, ba mu riƙe ki kamar 'yar gida ba?" Na ce ƙwarai, ranki ya daɗe, 'yar gidan da ke shiga ta ƙofar baya. A zuci na faɗi rabin ƙarshen. Ta ce in na sake taka kotun nan, in ajiye mata makullinta.

Talata, 14 ga Afrilu
Na sake takawa. Wannan karon na ƙirga har da yau: ashirin da shida. Lamar ya ce ashirin da biyar ne, ai yau ba ta ƙare ba. Na ce, "Mista Lamar, wancan watan yau tana cikin lissafi, wannan watan ta yi tafiya?" Bai ɗago ba. Wani farar fata da ke bayana ko sunansa bai iya rubutawa ba, aka cike masa, aka ce ya gaida gida.

Alhamis, 16 ga Afrilu
Na ajiye makulli. Shekara arba'in, Mis Adelle ta miƙo mini tsohuwar rigar sanyi. Na ce ta riƙe, ta fi ni jin sanyi.

Litinin, 20 ga Afrilu
Na dafa jan wake na mutum goma, mu biyu ne a gidan. Hannu bai san an kore shi ba.

Asabar, 2 ga Mayu
Verlene ta ce in bari haka, kada ita ma a kore ta daga aikinta na gidan wanki, ita kaɗai ke ciyar da mu yanzu. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi. Can da rana sai ga ta ta goge mini rigata shuɗiya, ta rataye. Jinina ce, ba ta da yadda za ta yi.

Talata, 12 ga Mayu
Ofis cike, fararen fata biyar a layi, har da matar likita. Na tura takardar gabansa, gurbin kwana a buɗe. Na ɗaga murya kamar mai jan waƙa a coci: "Mista Lamar, ni tsohuwa ce marar ilimi. Koya mini da naka. Yau shekarunka nawa, wata nawa, kwana nawa?"

Ya ce ba shi ake tambaya ba. Matar likita ta ce, "Haba Lamar, gaya mata mana, mu wuce." Ya ɗauki fensir. Ya rubuta, ya goge. Ya ce talatin da bakwai, wata takwas, da kwana... sai ya tsaya.

Na ce, "Wata tara ne, da kwana goma. Biyu ga Agusta, ranar Talata, ana zafi kamar cikin tanda. Ni na tafasa ruwan, ni na fara ɗaukar ka kafin uwarka. In a ƙirga yau ne, sha ɗaya. Zaɓi guda, ni ma a auna mini da shi."

Wani a baya ya tuntsire da dariya. Lamar ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Goma." Na rubuta nawa a gabansa: ashirin da biyu. Ya jawo littafin, ya juya mini shi, ya nuna layi da yatsa. Na rubuta cikakken sunana: Ozella Tibbs. Rubutun ya ɗan karkace. Alƙalaminsu ne ba kyau.

Da zan fita ya ce, "Anti Zella." Ban waiwaya ba.

Laraba, 13 ga Mayu
Ba aiki har yanzu. Za a samu, ko wankau ne.

Ina share kabad na ci karo da kwanon da nake gasa masa kek ɗin kwakwa duk Agusta. Na daɗe riƙe da shi, ban san dalili ba. Na ba Verlene ta zuba wa kaji ruwa. Albasa ce ta shiga idona, ba wani abu ba.

Amsar kacici-kacicin kuwa shekaruna ne. Sittin da bakwai, da wata biyar, da kwana ashirin da uku.