Ɓeraye Arba'in da Uwa Ɗaya

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Babanki lafiya lau sai ciwon gwiwa. Yayarki ta warke, jaririnta na fitar da haƙori. Ni ce dai ba lafiya. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, jinin kuma ya sake hawa.

Da kaina na karanta wasiƙarki, harafi harafi, sau uku. Kin ce kullum da safe a ɗakin bincikenku kina auna nauyin ɓerayenku arba'in masu hawan jini, ki auna ruwan da suka sha da fitsarin da suka yi. Ɓera fa, Auta! Ni da na haife ki ba wanda ya taɓa tambayata kofi nawa na sha.

Kin rubuta cewa ruwan da ƙoda ta riƙe shi ke hawar musu da jini. To na daina shan ruwa, sai rabin kofi a wuni. Likita ya ce in zo ranar ashirin ga wata da wani nawa. Ke nake so.

Mamarki

Mama,

Ina gaishe ki da jiki. Don Allah ki sha ruwa yanzu-yanzu! Ba haka na ce ba. Gishiri za ki rage, shi ke sa jiki riƙe ruwa. Ki sha maganinki.

Ashirin ga wata ba zan samu zuwa ba, ranar muke rufe gwajin mako shida. Za a kashe ɓerayen duka a duba ƙodarsu. Akwai wani mai guntun bindi da ke lasar yatsana, ko tunanin ranar ba na son yi. Yaya ta raka ki. Ki yafe mini.

Autarki

Auta,

Na gaishe ki. Na sha, kofi shida. Fitsari sau huɗu. Na rubuta a bayan takardar nan da rana da lokaci, yadda kike rubuta nasu, ko zan samu shiga littafinki.

Yayarki ba za ta raka ni ba. Na roƙi likita ya mayar da ranar zuwa ashirin da bakwai. Kafin nan mai guntun bindi ya tafi, kin gama zaman makokinsa. Ni ina nan da raina, ƙafata kuma ba ta saɓe ba.

Ki aiko mini da amsa kafin Juma'a. Allah ya yi miki albarka.

Mamarki