Takin Lambun Abba

Oldham, Ingila.

Zuwa ga Yayana Moinul,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyali, kuma ruwan bana bai yi muku ɓarna can gida Sylhet ba. Mu nan jiki lafiya, mahaifiyarmu Amma ta samu sauƙin gwiwarta. Zuciya ce dai a gajiye.

Maganar Abba ce. Ka san ɗan lambun da yake haya a bayan gari, inda yake wuni da kabewarsa tun da ya bar tuƙin bas. Kasancewar shi kaɗai ke da mota cikin tsofaffin mutanenmu, sai ya sayo musu takin zamani gaba ɗaya, buhu goma sha huɗu, ya jibge a rumfarsa. Wani ya ga dattijo mai gemu da buhunan taki, ya buga wa 'yan sanda waya, wai bam ake shirin haɗawa. Ranar Talata da hantsi 'yan sanda suka zagaye lambun, suka tafi da shi da laka a hannu. Sun tambaye shi masallacin da yake zuwa da wanda ke musu wa'azi. Wai ya ce musu shi abokin gabarsa ɗaya ne a ƙasar nan, dodon-koɗin da ke cinye masa alayyahu. Ba wanda ya yi dariya.

Da yamma suka sake shi, har da ba shi haƙuri. Kwamitin da ke ba da hayar lambun ma ya ce fili na nan nasa. To, Yaya, sai me? Turawan da suka shekara goma sha biyu suna cin kabewarsa yanzu daga nesa suke ɗaga masa hannu, kuma bai san wanne ne cikinsu ya kira ba. Ƙarshe ya daina zuwa lambun. Na yi faɗa, na yi lallashi, ita ma Amma har gori ta yi masa, wai tsoho ya zauna mata a ɗaki kamar sabuwar amarya. Murmushi kawai ya yi. Wallahi na gaji da bayyana wa mutane cewa mu ba abin tsoro ba ne.

Jiya na ce wa Abba zan rubuto maka. Ya ce in gaya maka kada ka wahalar da kanka wajen aiko irin kabewa bana. Ya mayar wa kwamitin da makullin lambun.

Ka gaishe da Anti Rehana, da Kawu Motlib, da su Tahmina. A sa Abba a addu'a.

Ƙanwarka,
Shefali