Ku Dawo wa Yayana da Abokiyarsa

Zuwa ga kwamitin 'yan sa-kai masu zaɓar manhajojin da ake zubawa a faifan girka kwamfuta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, gaisuwar wadda ta daɗe tana cin moriyarku ba ta san fuskar ko ɗayanku ba. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a bakin dam ɗin Tiga. Faifanku ɗaya gare mu, yana yawo hannu da hannu har Kiru, shi ya raya tsohuwar kwamfutar gidanmu. Don haka ƙorafin nan na cikin gida ne.

Na farko. Yayana Malam Idi ya rasa ganinsa. A tsohon faifanku akwai manhajar da ke karanta rubutu da murya, da ita yake rubuta tarihin garinmu da ruwan dam ya cinye, unguwa-unguwa, rijiya-rijiya, da wanda ya haƙa kowacce. Hausarta a karkace take, yana ta yi mata dariya, amma ya raɗa mata suna Abokiya.

Na biyu. Da sabon faifai ya iso, na adana rubutunsa, na goge komai na girka, saboda na yarda da ku. Na kunna, shiru. Ashe kun cire Abokiya don wuri ya yi kaɗan, wai mai so ya sauko da ita daga intanet. Haba jama'a! Mu nan sai an hau tudun makaranta ake amsa waya. Sau uku ina gwadawa tana katsewa, tsohon faifan kuma ya karce. Amma wasan kati da hotunan duwatsun ƙanƙara, su kun sama musu wuri. Abin ya yi mini ciwo, don hannuna ne ya yi gogewar. Tsofaffin da yake tambaya kuwa tafiya suke ta yi, kwanan nan muka binne Inna Ladi wadda ta san unguwar masunta gida-gida.

Roƙona, ku mayar da muryar nan cikin faifai, ko da katin ne zai fita. Duk abin da kuka cire, ku rubuta a bangon faifan kafin mutum ya goge nasa. In za ku zauna zaɓe, ku tuna da mu da faifan ne kaɗai intanet ɗinmu.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira. Yaya bai yi fushi da ku ba. Kullum da hantsi yakan danna kwamfutar, ya kasa kunne. Jiya ya ce in gaishe ku, in tambaya ko Abokiya lafiya.

Wassalam,
Taku, Malama Hadiza.