Kusurwar da Ta Buɗe Baki

Laraba

Zuwa ga ƙanena Auta, mai yi wa kujeru da akwatuna riga,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da almakashinka.

Cikin alhini nake sanar da kai cewa yau da misalin ƙarfe huɗu na yamma, kusurwar sama ta hagu ta akwatin amfilifayata, wato na'urar ƙara sautin jitata, ta riga mu gidan gaskiya. Ta rasu ko wuni ɗaya ba ta cika a duniya ba. Ta bar 'yan'uwa bakwai, biyu daga cikinsu ma jikin ya yi tsanani.

Na rubuto ne saboda ba ka ɗaukar waya, kullum ka ce hannunka da gam.

Ka tuna kai ka zo har gida ka ce in ba ka akwatin nan ka canza masa leda, wai tsohuwar ta ɗaye. Na ce ka bar min abina, shekara ashirin da biyu yana ɗauke da muryar jitata, babu wanda ya taɓa kuka da rigarsa. Ka ce, "Yaya, in na gama ba za ka gane shi ba." Wannan alkawari kam ka cika shi.

Yau ce ranar da mu tsofaffi huɗu muke haɗuwa a garejin Likita mu takura wa maƙwabta da kiɗa. Na biya shagonka da rana na tarar ka fita. Mai Walda na kusa da kai, wanda kake bar wa mukulli, shi ya buɗe min. Ya ce, "Malam, anya ya gama kuwa?" Na ce ga abu baƙi wul yana sheƙi, me ya rage, a fesa masa turare? Na ɗauko abina na tafi.

Sai da na sa tabarau na ga abin da ka yi. Kowace kusurwa ka manna mata salatif. Auta, shekara ashirin da shida ina aikin laburare, na san ma'anar salatif. Duk littafin da aka dawo min da shi da salatif a jiki, an yaga shi ne ana so a rufe min ido. Na ɓare su ɗaya bayan ɗaya, sai ga gaskiya ta fito: ka tsaga ledar da reza a kowace kusurwa. Kafin mu gama waƙa ta biyu tsagar ta buɗe baki har katako ya leƙo. Likita ya duƙa ya duba, ya ce wannan sai ɗinki bakwai.

Tun kana rarrafe nake yi wa littattafai bango, ban taɓa yanka kusurwa ba. Ninkewa ake yi, a kwantar da wannan kan wancan. In ba a koya maka ba, ƙofata a buɗe take.

Ka gaida mutanen gida.

Naka cikin juyayi,
Yayanka


Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da bayan kwalin da na yi rubutu a kai, shi ne a kusa.

Wa ya ce ka ɗauka? Wannan kawai nake so in sani. Na dawo na ga benci wayam, Mai Walda yana sosa ƙeya yana cewa ai Malam ne, ya za a yi in hana Malam.

Leda ba takarda ba ce. Tana da kauri, in ka ninke ta a kusurwa sai ta yi ƙulli kamar maruru. Yadda ake yi shi ne a ɗumama ta, a ja ta ta bi kwanar, a ɗora gefe ɗaya kan ɗaya, sannan a sa sabuwar reza a yanka su biyun lokaci guda. A zare rarar sama, a zare ta ƙasa, baki biyun su haɗu cif, ko farce ba zai shiga ba. Amma ledar da aka ja tana son komawa inda ta fito. Salatif ɗin shi ke riƙe ta har gam ya kama, kwana biyu cur. Da safe na manna, kai kuma ka ɓare da rana, ka je ka kunna inji ya yi zafi. Me kake so ta yi in ba ta buɗe ba?

Yanzu ka saurare ni. Mai Haya, wanda yake ba da hayar lasifikoki a bakin babban titi, yana da akwatuna goma sha biyu da zai canza wa leda. Ya ce ba zai ba ni ba sai ya ga kusurwar da na yi tsirara, ba a rufe ta da hular ƙarfe ba, don da ita masu aikin banza suke ɓoye aibu. Akwatinka zan nuna masa gobe. Ka dawo min da shi yau in ga abin da zan iya ceta, kuma kar ka nuna wa kowa.

Ka gaida Anti.

Auta


Juma'a

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Kwalinka ya iso, kuma na karanta har da tallan man gogen takalmin da ke ɗaya gefen. Shi ya fi ladabi.

Ashe ba don ƙauna ka karɓi akwatina ba. Ni ina nan ina gaya wa Likita cewa ƙanena ya tuna da ni, ashe ɓeran gwaji aka samu. Da ka faɗa min tun farko da na sa shi a lissafi. Shi ya sa jiya ban dawo da shi ba, na ce bari in ga ko za ka tako ka yi bayani da bakinka. Ba ka zo ba.

Wanda ya zo shi ne Mai Hayarka. Ya je shago da sassafe kafin ka buɗe, Mai Walda ya kwatanta masa gidana. Mai Waldan nan da za a ba shi aikin tsaron banki da an huta da ƙofa. Sai ga baƙo a falo da tulin mukullai a ɗamara, yana cewa, "Malam, an ce a nan samfurin yake." Me zan yi, in ɓoye akwati a ƙarƙashin gado? Na kawo masa.

Ya sa babban yatsa ya bi gefen, ya zo kusurwar hagu ya tsaya, ya tura ɗan mukulli a tsagar ya shige har rabi. Ya ce, "Yaushe aka yi wannan?" Na ce shekaranjiya. Ya ce, "Faɗuwa ya yi?" Na ce ko ƙuda bai sauka a kai ba. Daga nan na ɗan yi masa bayani kan ninki, na ɗauko masa ƙamus ɗin da na yi wa bango shekara goma sha tara da suka wuce ya gani da idonsa. Ya duba agogo sau biyu ya tafi.

Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Zancen salatif kuwa bai tambaya ba, ni ma ban ga dalilin tayar da shi ba, tunda har yanzu ban yarda da labarinka ba. Aikin da sai an ɗaure shi kafin ya tsaya, ai bai tsaya ba ke nan.

Antinka ta ce in gaishe ka. Tun safe ita ma ba ta yi min magana ba sai wannan.

Naka,
Yayanka


Asabar

Yaya,

Gaisuwa, don an haife ka kafin ni.

Mai Haya ya aiko. Ya ce in kusurwata ba ta kai kwana biyu a falon Malam ba, ya za ta yi a bayan mota ana jifa da ita? Ranar Talata zai kai wa kamfanin da na baro akwatunan.

Ka san shekara biyu ke nan da na ajiye aikin kamfanin na buɗe shagon nan. Ka san me nake yi a ciki? Facin kujerar babur. Wannan ne aiki na farko da zai sa mutane su san ina nan. In ya wuce ni, ƙarshen wata zan miƙa mukulli in koma in tsaya a gaban shugaban sashenmu, wanda ya ce min ranar da zan tafi, "Za mu ajiye maka rigar aikinka, Auta, ba za ta yi ƙura ba."

Ban gaya maka samfuri ne ba don na san halinka. Da ka zo ka zauna min a kan benci da littafi uku kana koya min riƙon reza. Haka ka koya wa Baba tuƙin motar da ya shekara talatin yana ja.

Ba ka yi ƙarya ba, ka ce. An tambaye ka ko ya faɗi, ka san abin da mutumin yake nema, ka ɗauko masa ƙamus. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, kai za ka gaya min sunan wannan.

Ga guntun katako na aiko, da ragowar leda, da gam, da reza sabuwa, da salatif. Yana da kusurwoyi da yawa. Ninke ɗaya yadda kake yi wa littafi. Yanka ɗaya ka ɓare salatif da wuri. Yanka ɗaya ka bar ta kwana biyu. Tunda ba ka yarda da bakin ƙaninka ba, ka tambayi katako.

Kar ka sake rubuto min.

Auta


Litinin

Zuwa ga Mai Haya,

Yallaɓai, bayan gaisuwa da ban girma, da fatan kasuwa tana albarka. Ni ne mutumin da ya tsare ka da ƙamus ranar Juma'a.

Tare da takardar nan akwai guntun katako. Ina roƙonka ka sa masa babban yatsan nan naka. Duk aikin hannuna ne, a kan teburin cin abinci, wanda yanzu yake da tabon gam da maiɗakina ta ce zai raka ni har kabari.

Kusurwa ta farko na ninke ta yadda na yi maka wa'azi. Za ka ga ta kumbura kamar an daki mutum a goshi. Sau huɗu na sake ta, sau huɗu ta kumbura. Maiɗakina ta wuce ta ce, "Malam, wannan a wane shafi take?"

Ta biyu na yanka ta yadda ƙanena yake yi, na manna salatif, na ɓare bayan awa biyar, na ajiye ta kusa da murhu. Ta buɗe baki. Za ka gane ta, ta yi kama da wadda ka gani a falona kamar an tsaga kara.

Ta uku na yanka, na manna, na naɗe hannuwana kwana biyu. Yankan ya karkace don hannun mai jera littattafai ne, amma ka gwada mukullinka. Nawa bai shiga ba, kuma Allah ya sani na so ya shiga.

Ga abin da ban gaya maka ba. Na ɗauke akwatin daga shago ba da sanin mai shi ba, gam bai bushe ba. Ni na ɓare salatif ɗin da hannuna, na kuma kunna inji a kai. Da ka tambaya ko ya faɗi, na ba ka amsar da take gaskiya a baki amma ba ta da amfani gare ka. Aikin da ka gani nawa ne, na ƙanena ba ka gan shi ba tukuna.

Ina roƙon ka jinkirta kai wa kamfani akwatunan har zuwa Alhamis. In ka duba aikinsa bai yi maka ba, wannan tsakaninku ne.

Na gode da haƙurinka.

Ma'aikacin laburare


Litinin da yamma

Malam,

Na ga takarda, na ga katako. Ta ukun ta kama, amma kar ka bar aikin laburare.

Zan jira. Alhamis ƙarfe goma zan zo shagon, kusurwa takwas nake so in gani, babu hula. In na tarar da kai a wurin da littafi a hannu, juyawa zan yi.

A gaida uwargida, a ba ta haƙurin tebur.

Mai Haya


Litinin

Auta,

Bayan gaisuwa. Ka ce kar in rubuto, to wannan gajera ce.

Mai Haya zai zo Alhamis ƙarfe goma, ga takardarsa na haɗo. In ka manna gobe da safe, kwana biyun sun cika. Akwatin yana wurin Mai Walda, na kai da kaina.

Na yi ta neman doguwar kalmar da zan faɗi wannan da ita in fita da sauran mutunci, ban samu ba. Kai ne da gaskiya. Ni na ɓata, kuma na sani tun ranar Juma'a.

Yayanka