Ɗan gada a cikin kwando

Laraba, 11 ga Yuni, da dare. Gwiwa ta kumbura, tari bai sake ni ba.

Ɗan gadar da na tsinta a gonar citta ya ƙi shan madara. Na ɗauka maraya ne. Maƙwabciyata Ladi ta ce, "Haba Baba Tica! Uwar ɓoye shi ta yi, ta tafi kiwo. Ka mayar da shi yau, ko ya mutu."

Ƙafata ba za ta kai ni ba. Ɗan ƙanena Yohanna ya ce zai zo da mashin.

Ga shi cikin kwando kusa da gadona. Tun rasuwar matata ban ji numfashin wani a ɗakin nan ba. Allah ya gafarta mini, na ji daɗi.

Yohanna bai zo ba.