Ƙafa Ɗaya a Ƙasa, Nuala

Zuwa ga Nuala, sanyin idona, farin furen bakin shinge, ranar da ke leƙowa bayan mako guda ana ruwa,

Ki yi haƙuri da rubutun. Jiya babanki ya zo duba gonarmu tare da tsoho Dinny mai dalilin aure. Ya buɗe bakin saniya ya duba haƙora, ya girgiza shinge, ya damƙi ƙasar dankali ya shinshina, ni kuwa ina biye da shi kamar maraƙi. Sai da ya hau keken dokinsa ya ce in zo ran Alhamis in ci gasasshiyar dinya a gidanku, alamar ya ba ni ke. Dinya fa, Nuala! Wa ya taɓa cin dinyar gidan amarya ya janye? Wa ma ke son janyewa? Har ƙashi zan tauna.

Fada, limamin cocinmu, ya sa mana ranar aure Talata, jajibirin azumin Ista. Da ta wuce mu, babu aure sai bayan Ista, kafin nan kuwa jirgin Amurka ya kai ki wurin gwaggonki. Sau nawa na tsine wa jirgin nan? Bana yara ba za su shafa mini alli a bayan kwat ba, kamar yadda suke yi wa marasa aure da shigowar azumi, su nemi wani tuzurun.

Roƙona ɗaya ne, farin cikin raina. Kin tuna rawar mararraba lokacin yankan ciyawa, da kika yi tsalle har gashinki ya kwance, mai goge ya rikice? Ranar zuciyata ta kuɓuce mini. To, ran biki kada ki yi haka. Inna ta rantse aljanun tudu ba su da abin so kamar amarya, da zarar ƙafafunta biyu sun bar ƙasa sai su sure ta. Na san dariya kike yi, kina cewa camfin tsofaffi ne. Ni ma haka nake cewa a da, lokacin ba ni da abin da za a sace mini. Yanzu tsoro nake ji, wallahi.

Ƙafa ɗaya a ƙasa, don Allah. In kuwa goge ya ɗebe ki kin manta, hannuna na ƙugunki. Duk mai ɗaukarki sai dai ya ɗauke mu tare, ni kuwa ina da nauyi.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Lorcan