Ɗanmu Ne, Maƙwabta Suka Ci Moriyarsa

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Ci Gaban Garinmu, a madadin Mai Girma Shugaba, iyayen ƙungiya, dattawa da ɗaukacin 'yan asalin gari na gida da na waje, ta samu labarin rasuwar ɗanta, babban likita, wanda mu a nan muka fi sani da Ɗan Mai Ɗori, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi yana da shekara sittin da bakwai, a kan ɗaya daga cikin gadaje shida na asibitin da ya riƙe a garin maƙwabtanmu na ƙetaren kogi.

Mun karanta sanarwar da 'yan'uwanmu na ƙetare suka fitar, inda suka kira shi “ɗanmu” har sau biyar, kuma ba don neman magana a ranar makoki ba, ya zama wajibi a kanmu mu faɗi asalinsa. Kakansa shi ne mai ɗorin garin nan, wanda har yau akwai tsofaffin da ke takawa da ƙafar da ya ɗora. Mahaifinsa ya yi shekara ashirin da takwas yana allura da wankin ciwo a ƙaramin ɗakin shan maganinmu, mahaifiyarsa kuwa ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin masu zama a kwamitin wannan ƙungiya. A bayan wannan ɗakin magani marigayi ya girma, yana naɗe wa mahaifinsa bandeji tun bai iya rubuta sunansa ba, kuma ranar da ya tafi karatun likita gari guda ne ya raka shi tasha.

Da ya kammala, hukuma ta tura shi ƙetare aikin shekara biyu, sai ya yi talatin da huɗu. Ɗaki biyu ya tarar da benci ɗaya mai karyayyar ƙafa; ya bar musu ɗakin haihuwa, ɗakin gwajin jini, firjin rigakafi da ma'aikata tara da ya horar da hannunsa. A kan babur ya riƙa zagaya ƙauyukansu, jaka a ɗaure a baya, damina da rani. Mu kuwa sau uku muna tura masa tawagar dattawa, har da kawunsa a ciki, sau uku yana ba su abinci ya rako su bakin gada da amsa guda: “Ku kuna da kwalta, minti arba'in kun isa babban asibiti. Su idan ruwa ya shanye gadar nan, daga Allah sai ni.” Gaskiya ya faɗa, mun sani, amma sanin bai taɓa rage mana zafin abin ba.

Haka muka koma masu ƙetare kogi don ganin ɗanmu, mu yanki kati, mu zauna a bayan mutanen da ba su san mahaifiyarsa ba. Yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya ta taɓa yin awa huɗu a layi, da ta yi ƙorafi ya ce mata a gida ne take yayarsa, a nan lamba talatin da ɗaya ce. Ko a ƙarshe ma su suka samu: mun tanadar masa wuri kusa da mahaifinsa da kakansa, sai aka nuna mana wasiyyarsa cewa a binne shi inda ya yi aiki. Mun je, mun tarar babu masaka tsinke, muka yi masa salla a sahun ƙarshe.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, 'ya'yansa huɗu, yayarsa, ma'aikatan asibitinsa, da al'ummar ƙetare waɗanda muka ga hawayensu da idonmu, muka kuma tabbatar ba na ganin ido ba ne. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi.

Daga ƙarshe, labari ya iso mana cewa tun masu gaisuwa ba su watse ba, dattawan ƙetare sun fara zagaya autarsa, wadda ta kammala karatun likita bara. Zaɓi nata ne, ba za mu tilasta mata ba. Amma ku maƙwabta, don girman Allah ku ji tausayinmu: kun riƙe uban har kabari, 'yar ku bar mana.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai,
abokin zaman marigayi a benci ɗaya tun aji ɗaya na firamare,
a madadin Ƙungiyar Ci Gaban Gari.